Hanyar Keke ta Dajin Marke

A shekarar da aka buɗe sabuwar hanyar keke a Dajin Marke, babu mahalukin da ya san cewa a kan birnin mutanen ɓoye aka shimfiɗa ta. Abin da mutanen Zangon Kuka suka sani shi ne katafila ta shiga dajin da ke bayan gari, ta ture duwatsu da gidajen gara, aka zuba jar tsakuwa, aka ce daji ya zama wurin shaƙatawa. Ranar buɗewa aka yi kiɗa, aka yanka kyalle, samari masu hular kwano suka yi ta tsere, masu tafiya a ƙasa suna biye da su.

A garin akwai wani dattijon tela, Malam Tanimu, wanda yawan zama ya jawo masa hawan jini. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Matarsa Delu ta tasa shi gaba da maganar.

"Malam, ga hanya an yi, ga kekenka yana tsatsa a zaure."

"Haba Delu, ai keken ɗinki ma keke ne. Kullum ina kan feda."

"Wannan ba ya kai ka ko'ina."

Ya yi dariya, ya goge keken, ya fara fita kowace safiya. Rannan ya fita bai dawo ba.

Masu gadi da mafarauta suka karaɗe dajin, ba shi, ba kekensa. Aka ce ɓarayin mutane ne, amma babu wanda ya kira waya. Bayansa wasu ma suka ɓace a hanyar, aka yi cece-kuce, sannan magana ta mutu. 'Yarsu Ladidi ta dawo gida tana taya uwarta zama, maƙwabta suka fara yi wa Delu irin gaisuwar da ake yi wa mai takaba.

Delu ba ta yarda ba. Tana yarinya ta koyi keke a kan na mahaifinta. Wata safiya ta ari keken surukinta, ta ƙulle maganin mijinta a gefen zane, ta rataya gorar ruwa, ta shiga dajin.

Ta yi nisa har ta isa wata tsamiya da katafila ta tsaga biyu, rabi a ƙasa rabi a tsaye. Nan kan keken ya juya da kansa, ya bar tsakuwa, ya kutsa cikin tsagin itacen. Ta matse birki, bai kama ba. Da ta buɗe ido sai ta ga sama ta koma ruwan tagulla, rana ta kafe a inda take tsayawa da la'asar. A gabanta ga wani dogon mutum da aka tsaga daga ka zuwa ƙasa: ido ɗaya, hannu ɗaya, ƙafa ɗaya, ƙaro yana tsiyaya daga inda aka raba shi.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, tsaya inda kike. Ni ne mai tsaron ƙofa, ko abin da ya rage daga gare shi. Wa ya kira ki?"

Delu ta yi salati, ta ce, "Ba wanda ya kira ni. Mijina nake nema."

"Faɗi sunansa."

Tun da aka ɗaura musu aure bakinta bai taɓa furta sunan ba. Ta sunkuyar da kai, ta faɗe shi a hankali. Sai sunan ya fito daga bakinta kamar ɗan farin tsuntsu, mai tsaron ya cafke shi ya haɗiye.

"Tukuicin ƙofa ke nan. Wuce."

Ta lalubi sunan a zuciyarta, ta tarar da wurin wayam. Ta hau keke tana hawaye.

Ba ta daɗe ba ta shiga kufan wani birni. Gidajensa na gilashi ne da tagulla, duk an murƙushe su kamar an taka ƙwai. Ta tsakiyar birnin wani jan tudu ya ratsa, ya danne kasuwa, ya danne fada, ya miƙe har inda ido ya ƙare. Jim kaɗan sai tudun ya yi rugugi, ƙasa ta girgiza, sauran bangaye suka zubo. Delu ta gane cewa tudun nan hanyar keke ce, keken wani ne ya wuce a can duniyar mutane.

A gindin tudun ta tarar da wata mace mai gashi har ƙasa tana tono da farata.

"Baiwar Allah, me kike nema?"

Matar ba ta ɗago ba. Ta ce, "'Ya'yana. Suna barci ƙarfenku ya zo. Kowa ya yi ƙaura, ni ba zan tafi ba. In mijinki kike biɗa, yana cikin ayarin Magajiya, sarauniyarmu, sun nufi gabas. Da kin ji tawa, da kin koma."

Delu ta sauka ta taya ta tono har yatsunta suka fashe. Duk inda suka rarake, tsakuwa ta zubo ta cike. Daga ƙarshe matar ta ture hannunta ta ce, "Tafi. Kin yi abin da ba wanda ya yi, amma bai amfana komai ba."

Ta miƙi gabas har ta isa wani kogi da babu ruwa a cikinsa. Yashi ne yake gudu, yana tumbatsa, yana tafe da manyan itatuwa. A bakin gaɓa ga wani zalɓe da tsayinsa ya fi giginya.

Ya sunkuyo da dogon wuyansa ya ce, "Ya ke mai tafiya a kan zobba biyu, babu mai ƙetare kogin nan sai a bakina. Me za ki ba ni?"

"Ga ruwa, ga mayafina."

"Ba na sha, ba na yafawa. Tun da aka halicce ni a tsaye nake, ban taɓa runtsawa ba. Ba ni barcinki."

"Na yau?"

"Na har abada."

Delu ta dubi kogin, ta dubi hanyar da ta baro. Ta ce, "Na ba ka."

Ya sa tsinin bakinsa ya zare wani abu daga girarta kamar zaren auduga, ya haɗiye. Sannan ya ɗauke ta da kekenta, ya ratsa yashin da ita, ya dire ta a ɗaya gaɓar. Kafin ta yi godiya ya lanƙwashe wuya, ya kama minshari.

Daga nan hanya ta hau wani dutse mai kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Tayar baya ta fashe. Ta cire bututun, ta cusa busasshiyar ciyawa a cikin tayar, ta ci gaba da turawa. Tana tsakiyar hawa sai ta ji muryar Ladidi a bayanta.

"Inna! Inna, ki dawo! Baba ya dawo gida, ga shi yana nemanki!"

Har ta fara juya keken, sai ta lura muryar ba ta haki, alhali babu ɗan Adam da zai hau wannan dutse bai yi haki ba. Ta toshe kunnuwa da bakin mayafi. Muryar ta koma kuka, ta koma zagi, ta bi ta har ƙolin dutsen kafin ta yi shiru.

Daga ƙolin ta hango ayarin. Ya cika sarari kamar fari. Matasan aljannu suna ɗauke da ginshiƙan gidajensu, wasu sun naɗe rijiya kamar tabarma sun saɓa a kafaɗa, mata sun ɗauko wuta a cikin ƙorai. A can baya ga 'yan Adam a kan kekuna, kowa da wani tsohon aljani a kan kariyar bayan kekensa, suna taka feda kai a sunkuye.

Delu ta gangaro ta shiga cikinsu. Duk sun rame, ƙura ta rufe fuskokinsu, ba a gane wani daga wani. Ta kama wani saurayi ta ce, "Ɗana, ko ka ga mijina?"

"Mene ne sunansa, Inna?"

Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Sai ta tsaya a kan feda ta ƙwalla kira da iyakar ƙarfinta.

"Baban Ladidi! Baban Ladidi!"

Can gaba wani keke ya yi tangaɗi. Mai shi ya waiwayo, gemunsa ya yi fari fat.

"Delu? Inna lillahi! Delu, me ya kawo ki nan?"

"Maganinka ka manta," in ji ta, sai kuka ya ci ƙarfinta.

Ya haɗiyi ƙwayar da ruwan gorarta, bai daina taka feda ba. A bayansa wani tsoho makaho ne zaune, bai fi jariri girma ba, ƙafafunsa a karye, ya rungume ƙugun Malam Tanimu da hannuwa kamar saiwa. Ƙanƙantarsa ba ta hana tayar baya nitsewa cikin ƙasa ba.

Aka kai labari gaba, aka tsai da ayari, aka gurfanar da Delu gaban Magajiya, sarauniyar mutanen ɓoye. Doguwa ce baƙa, idanunta kamar garwashi, tana tafe a ƙasa kamar kowa, da ƙyauren fadarta a kanta.

Ta ce, "Ya ke 'yar Adam, kin bayar da suna, kin bayar da barci. Faɗi buƙatarki."

Delu ta durƙusa. "Ranki ya daɗe, mijina tela ne. Bai taɓa hawa katafila ba, bai sare ko reshe ɗaya ba. Ba shi da lafiya. Ki sakar mini shi."

"Mu ma ba mu taɓa rushe gidan kowa ba. Ba mu san wanda ya tuƙo ƙarfen ba, dukanku fuska ɗaya gare ku a wurinmu. Ƙarfe ya karya tsofaffinmu, ƙarfe ne zai ɗauke su. Ranar da muka sami ƙasar da ɗan Adam bai taka ba, muka kafa gari, zan saki kowa. Na rantse da wutar da aka yi mu da ita."

"To, ki ba ni kayansa, shi ya koma gida."

"Ana musanya, in mai kaya bai ƙi ba."

Malam Tanimu ya ɗaga murya daga inda yake. "Na ƙi! Delu, ki koma wurin yarinyar nan. Na ƙi, ranki ya daɗe, kin ji da kunnenki."

Magajiya ta ce, "Kin ji. Hanya a buɗe take gare ki, gaba ko baya. Amma 'yan leƙenmu sun ce akwai wani kwari bayan duwatsun can."

Delu ta ce za ta bi su har kwarin.

Haka suka ci gaba. Rana ba ta motsi, sai Delu ta riƙa kintatar lokaci ta yi taimama ta yi salla. In ayari ya yada zango kowa ya kwanta, ita tana zaune ido biyu, tana matsa wa mijinta ƙafafu. In an tashi sai ta jera kekenta da nasa, ta dafa bayan tsohon makahon tana turawa.

Lokaci zuwa lokaci Magajiya takan yaye labulen da ke tsakanin duniyarsu da ta mutane, ta leƙa. Suka isa wani daji mai duhu, aka leƙa, sai ga hayaƙin masu gawayi. Suka isa wani tafki, aka leƙa, sai ga injin ban ruwa yana ruri. Suka hau wani tsauni da ko gaggafa ba ta sauka a kansa, sai ga dogon ƙarfen waya an kafa a ƙolinsa. Kowane karo Magajiya takan saki labule ta ce, "Ku ɗaure kaya."

Maganin ya ƙare. Malam Tanimu ya fara jiri, jini yana ɗiga daga hancinsa.

Wata rana suna tafe ya ce, "Delu, kin bar tunkiyar nan da wa?"

"Ladidi na nan."

"Ba ta iya ɗaure ta ba. Kullum sai ta kwance ta shiga gonar mutane." Sannan ya ce, "Akwai rigar ɗan Alhaji Sallau a kan keken ɗinki, ban sa mata hannu ba. In kin koma ki ba shi haƙuri."

"Kai za ka ba shi da bakinka."

Tsohon makahon ya sa baki daga baya. "Ya ku ma'aurata, ku yafe mini. Na roƙi mutuwa domin in sauƙaƙa masa, amma irinmu ba ma mutuwa da wuri."

Suka ratsa ƙasar da ƙaya take tafiya tana bin mutane, suka ratsa wadda iska take ɗauke inuwar matafiyi ta bar shi da rana tsirara. Kekuna suka yi ta lalacewa ana ɗaure su da igiyar rama. A ƙarshe suka bi ta wata ƙuntatacciyar ƙofa tsakanin duwatsu biyu, sai ga kwarin.

Kore ne shar. Ƙorama tana gudu a tsakiyarsa, itatuwa sun yi lif da 'ya'ya, bareyi suna kiwo ba su san tsoro ba. Magajiya ta yaye labule, ta daɗe tana dubawa, gabas da yamma, kudu da arewa. Ba hayaƙi, ba sawu, ba ƙarfe.

Ta sauke ƙyauren daga kanta ta ce, "Ku kwance kaya."

Aka yi guɗa har duwatsu suka amsa. Aka warware rijiyoyi, aka kafa ginshiƙai, aka zuba wuta a murhu. 'Yan Adam suka rungumi juna suna kuka. Malam Tanimu ya kama hannun Delu, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba.

"Ashe za mu ga gida."

"In Allah ya yarda, Malam."

Magajiya ta tara su a gabanta, ta ɗaga hannu domin ta furta kalmar saki. Sai aka ji wata ƙara daga nesa, sama-sama. Hannun ya tsaya. Ta juya ta sake yaye labulen, kowa yana gani. A bakin kwarin wata farar mota ta tsaya. Mutane suka fito da igiyar awo, ɗaya yana nuna ƙoramar yana murmushi, ɗaya ya ɗauki turke mai jan kai ya buga shi a ƙasa.

Hannun Magajiya ya sauko a hankali. Ta sunkuya ta ɗauki ƙyauren ta mayar a kanta.

"Ku ɗaure kaya."

Malam Tanimu ya je wurin kekensa. Ya ɗaga ƙafa zai hau, ƙafar ta ƙi. Ya sake gwadawa, sai ya sulale ya faɗi, bakinsa ya karkace, idanunsa a buɗe suna kallon Delu. Ta tallafe kansa tana kiran Baban Ladidi. Leɓunansa suna motsi, amma sauti bai fito ba.

Magajiya ta tsaya a kansu. "Tsoho ba ya zama a ƙasa. In an ɗaure mijinki a kan sirdi, ƙafafunsa za su juya ko ya so ko bai so ba, har ransa ya fita."

Delu ta share fuska ta miƙe. "Ranki ya daɗe, kin ce ana musanya in mai kaya bai ƙi ba. Ki tambaye shi."

Magajiya ta daɗe tana kallonta. Sannan ta sunkuya ta ce, "Ya kai ɗan Adam, matarka ta nemi kayanka. In ka ƙi, faɗi."

Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Hawaye suka gangaro cikin kunnuwansa. Yatsunsa suka damƙi bakin zanenta, amma harshe ya ƙi tashi.

"Bai ƙi ba," in ji Magajiya.

Delu ta durƙusa ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. "Ka yi haƙuri, Malam. Ban taɓa saɓa maka ba sai yau. Ka ce wa Ladidi ina gaishe ta. Ka rage gishiri."

Wata guguwa ta zo ta naɗe shi da kekensa, ta yi yamma da shi. Delu ta bi ta da ido har ta ɓace. Aka ɗora tsohon makahon a kan kariyarta, ya zagaye ƙugunta da hannuwansa.

Ya ce, "Sannu, 'yata. Da fari ba za ki ji nauyina ba."

Ta taka feda, ta bi bayan ayari.

Wasu samari masu tsere ne suka tsinci Malam Tanimu a gindin tsagaggiyar tsamiyar, suka kai shi asibiti. Ya daɗe yana jinya kafin bakinsa ya buɗe. Da ya ba da labari, likita ya ce ciwon yakan taɓa tunani, dangi suka yi ta gyaɗa kai suna cewa Allah ya sawwaƙe. Kafin a sallame shi an sare sauran tsamiyar, wai kada ta faɗo wa masu wucewa.

Da ƙafarsa ta ɗan yi ƙwari sai ya jawo keken daga zaure. Ladidi ta tare ƙofa tana kuka.

"Baba, na rasa Inna, kai ma so kake in rasa ka?"

"Matsa, Ladidi. Uwarki tana can ba ta barci."

Ya shiga dajin yana jan ƙafa ɗaya. Ya isa kututturen tsamiyar, ya saki kan keken, bai juya ba. Ya yi sallama, ya yi kira, ya roƙi mai tsaron ƙofa ya karɓi duk abin da yake so. Ba wanda ya amsa sai kurciya. Ya hau ya bi jar tsakuwar, ta hau tudu da shi, ta gangara, ta zagaya bayan dutse, ta dawo da shi bakin ƙofar da ya shigo.

Mai gadi ya taso daga benci yana fara'a. "Malam, har ka gama? Ai na faɗa wa mutane, hanyar nan ba ta da nisa."

Malam Tanimu ya juya kan keken, ya sake shiga.